Yatsun Uzairu

"Mas'uda, ɗago ki kalle ni... da gangan kike bari ina kayar da ke?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafina.

Gem ɗin faɗa na talabijin ne ya haɗa mu. A hannun Yaya Ladan na koya, Uzairu kuma abokinsa ne, gwanin da duk Azare ake shakka. Hajiyarmu ta sha cewa ba ta ga mijin aure a mai zance da naushi a talabijin ba.

Gem ɗin hanya biyu gare shi: ta ƙwararru mai haɗa madannai shida, da mai sauƙi, latsa ɗaya duka ya fita. Uzairu ya tsani ta biyun.

"Ta malalata ce! Wanda bai sha wuya ba ya ba mu wuri."

Ni ma da rawar kaina nake taya shi.

Sai babur ya kayar da shi a hanyar Shira, yatsu biyu na damansa suka ƙage. Ranar da ya sake riƙe gem na ga yatsun sun kasa bin madannai, tausayi ya kama ni, na saki, na bar shi ya ci ni. Wata huɗu ina saki, yana murna wai hannu ya dawo.

Da wannan murnar ya shiga gasar unguwa. Aka ce ya ɗauki hanya mai sauƙi, ya ƙi. Zagaye uku ko naushi ɗaya bai kai ba, ana ta dariya. Baturiya 'yar kawuna, wadda ta daɗe da sa masa ido, ita ta gano sakin da nake yi, ta kai masa sirrina da zafinsa, shi ne ya zo ya tsare ni da tambayar nan.

Na ce, "Masoyina, tsoro na ji kada ka karaya..."

"Sai kika tura ni cikin mutane da ƙarya a hannu."

Ya fita.

Kwana tara ba kira. Kukan da na yi ba na Baturiya ba ne, gaskiya ta faɗa. Ni na cuce shi, kuma na san na cuce shi!

A rana ta goma bayan la'asar ya yi sallama, ya zauna a falon Yaya Ladan. A gabana ya zaɓi hanya mai sauƙi.

"Yaya Uzairu... ta malalata fa?"

"Bakina ne ya faɗa lokacin yatsuna goma. Zauna. In kika sake min ko sau ɗaya, kin ga tafiyata."

Na zauna. Na kayar da shi sau biyar a jere, hawaye na zuba, ban saki ba. A na shida ya kayar da ni da ƙyar, jinin ɗan wasansa saura ƙiris.

Ya daɗe yana kallon talabijin.

"Wannan nasarar tawa ce?"

"Wallahi taka ce."

Ya rufe fuska da hannun nan mai ciwo, kafaɗunsa suna girgiza.

Hajiya da ta leƙo jin shirun ya yi yawa ta tsaya a bakin ƙofa, ta dube shi, ta dube ni.

"Uzairu," ta ce, "in ka gama, ka ce wa Alhajinku ya turo. Wanda ya dawo gidan da aka yi masa ƙarya don a gyara, na ba shi 'yata."