Amanar Kunkurun Baba

Ana daf da magariba na rufe shagon ɗinkina a Karaye, na ɗaure jarkar ruwa da ledar ɓawon kankana a bayan babur, na kama hanyar Kafin Dafga. Kunkuru zan je dubawa. Ba kuma tausayi ne ya tashe ni ba, tsoron tonuwar asiri ne.

Kunkurun na mahaifina ne, Malam Nasidi. Dattijo yake ce masa, don ya girme ni a gidan. Faɗinsa ya kai babban daro, ni kaina da ƙyar nake ɗaga shi. Tun da Inna ta rasu, su biyu suka rage a tsohon gidanmu na bakin gari. Ranar da za a kai Baba asibiti a Kano, ƙanwata Murja za ta yi jinya, ni ya kira ya damƙa wa mukulli.

"Duk bayan kwana biyu ka leƙo shi," in ji shi. "Ka duba idonsa, in ya faɗa ciki ƙishirwa ce. Ka duba hancinsa kada ka ga kumfa. Hammatarsa kaska tana maƙalewa. Ka bar shi ya yi yawonsa a tsakar gida. Kada ka ɗaure shi, Awaisu, ba akuya ba ne."

Na ce to. Motarsu na tashi, na ga Dattijo yana tonon gindin katanga. Na ce wannan in ya fice wa zai bi shi? Na samo igiyar leda na ɗaure masa ƙafar baya, na ja shi ɗakin Inna, na ajiye masa kasko ɗaya na ruwa, na ja ƙofa. A raina jibi zan dawo.

Kwana goma sha ɗaya ban dawo ba. Bazara ce, irin wadda tsuntsu ke faɗowa daga reshe. Kullum Baba ya kira, amsata ɗaya: "Lafiya lau yake, Baba, yanzu na ba shi ruwa." Sai yau da la'asar ya ce, muryarsa a raunane, "In ka je ka kira ni, ka kai wayar kusa da shi. Hucinsa nake so in ji."

Na isa ana kiran salla daga can cikin gari. Kwaɗon ƙofar gida yana nan yadda na bar shi, har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsa. Na buɗe na shiga. Ban yi sallama ba. Wa zan yi wa?

A zaure na fara jin ƙamshin. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na ruwan farko. Ko ɗigo ba a yi ba a shekarar.

Tsakar gida shiru. Ba kukan gyare, ba motsin ƙadangare. Busassun ganyen darbejiya ne kawai suke ƙara a ƙarƙashin takalmina. Na ajiye jarka. Sai na ji wani sauti daga ɗakin Inna.

Ɗis. Ɗis. Ɗis.

Ruwa ne yake ɗiga a kan wani abu mai tauri.

Ƙofar da na ja da hannuna tana buɗe kaɗan. Na tura. Na kunna fitilar waya, hasken ya yi ja kamar garwashi, ya ƙi kaiwa bango.

Tana zaune a tsakiyar ɗakin, ta ba ni baya. 'Yar ƙaramar tsohuwa, lulluɓe da baƙin zane. Dattijo yana kan tafin hannunta ɗaya, ta ɗaga shi sama kamar faifai. Ɗaya hannun tana yayyafa masa ruwa. Ban ga ƙwarya ba, ban ga buta ba. Daga yatsunta ruwan yake fitowa.

Na ga kansa. Idanunsa sun faɗa, sun manne. Fatar wuyansa ta yamutse kamar tsohon tsumma. Ƙafar da na ɗaure ta kumbura, igiya ta ci nama har ta yi zobe. Kaskon ruwan yana kife, ya kankare cikinsa da farce.

Ban san lokacin da na ce, "Inna lillahi," ba.

Ba ta juyo ba. Ta zura yatsa a hammatarsa, yatsan ya yi ta shiga, ya yi ta shiga, ta zaro kaska ta ajiye a ƙasa.

"Ɗan Nasidi," ta ce cikin raɗa. "Kwana nawa?"

Na ja da baya.

"Muna jin sa," ta ce. "Dare da rana yana buga ƙofa da kansa. Yaranmu ba su yi barci ba."

Ƙofa ta rufe a bayana. A hankali, kamar mai gudun tashin jariri.

Na juya zan kama mariƙi, wani abu ya fizge ni na faɗi a gwiwa. Na shafa idon sawuna. Igiyar leda ce. Ƙullin ma nawa ne, irin na teloli.

"Shi ya yi sha ɗaya," in ji ta. "Kai nawa za ka iya?"

Ƙishirwa ta sauko mini lokaci guda. Harshena ya manne da ganɗa. Maƙogwarona kamar an zuba toka. Na nemi ayatul kursiyyu, na san tana kaina, amma ko harafi ya ƙi fita.

Igiya ta ƙara matsewa.

Wayar ta yi ƙara a hannuna. Sunan Baba.

"Ɗauka," ta ce.

Na ɗauka.

"Awaisu, ka isa? Yaya Dattijon?"

Kafin in motsa leɓe, na ji an amsa daga bayan tsohuwar nan. Da muryata. Har da 'yar dariyar da nake yi in ina so a yarda da ni.

"Lafiya lau yake, Baba, yanzu na ba shi ruwa."

"Alhamdu lillahi," in ji Baba. "Allah ya yi maka albarka."

Albarkar nan ce ta tsaga ni. Na tattara abin da ya rage a ƙirjina na yi kururuwa, murya kamar ta ɗan akuya a hannun mahauci.

"Ƙarya ne, Baba! Ɗaure shi na yi! Na kulle shi, ban zo ba, ko sau ɗaya ban zo ba!"

Ɗigar ruwa ta tsaya.

Ina jin numfashin Baba. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Wa ke tare da kai?"

Na dubi bayan tsohuwar.

"Ka yi sallama da ka shiga?"

"A'a."

"Yi yanzu. Kada ka kalli fuska."

Ta fara juyowa. Wuyan ne kawai yake juyawa, kafaɗun suna inda suke. Na runtse ido, na kifa goshi a ƙasa.

"Assalamu alaikum," na ce. "A yi mini afuwa."

A cikin wayar Baba ya ɗauki ayatul kursiyyu. Wani sanyi ya zo daf da kunnena, mai warin tsohuwar rijiya.

Ya daɗe a wurin.

Sai igiya ta saki.

Da rarrafe na fita. Ban tsaya ɗaukar babur ba, takalmi ɗaya ma a can na bar shi. Gudu nake har ƙofar masallaci, na faɗa kan randar alwala na yi ta sha har na amayar.

Da gari ya waye na koma tare da maƙwabcinmu Badaru, ni a baya. Mun tarar da Dattijo a gindin darbejiya, a kan yashi mai laima, ya buɗe ido ɗaya. An shafe gyambon ƙafarsa da tattaunannen ganye. A bakin ƙofar ɗakin Inna an jera kaska bakwai a layi.

Na ɗauko Abdulmumini malamin dabbobi daga Karaye. Ya duba ido da hanci, ya danna ƙoƙon bayansa, ya wanke gyambon. Ya ce a riƙa zaunar da shi a ruwa mai ɗumi kullum da safe, a ba shi ɗanyar ciyawa da ganyen rama.

"Wanda ya jiƙa shi jiya ya ceci ransa," in ji shi. "Kai ne?"

Na ce ba ni ba ne. Ya dubi zoben ƙafar, ya dube ni, bai ƙara tambaya ba.

Dattijo ya rayu, amma yana jan ƙafar har yau. Ni ma in bazara ta yi, idon sawuna yakan yi ja ya zagaye.

Bayan mako biyu aka sallamo Baba. Bai shiga ɗaki ba sai da ya durƙusa a gindin darbejiya, da ɗinki a cikinsa, ya daɗe yana shafa tabon da ɗan yatsa. Na tsaya ina jiran faɗa. Da ya zage ni, ko ya mare ni a gaban mutane, da na samu sauƙi.

Ya ɗago, bai dube ni ba.

"Wata mai zuwa zan koma ganin likita," ya ce. "Awaisu, ba Badaru mukullin."

Na ciro shi daga aljihu, na miƙa da hannu biyu.