Jar Tawadar Malamin Haraji

Na gaji da tuna wannan labari. Amma ɗana Sama'ilu ya nace sai ya nemi aiki a ofishin haraji, don haka dole in rubuta shi.

Wana Abdulƙarim malamin haraji ne a wata ƙaramar hukuma ta yankinmu, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa. Kowace shekara, kafin majalisa ta zauna kasafin kuɗi, shi ke kawo adadin mazan da za su biya, sai a raba musu abin da ake buƙata. Wanda ya mutu, a ja wa sunansa layi da jar tawada. Albashinsa na isarsa, sai dai idonsa na kan 'yan kwangila masu hawa Fijo.

Wata Laraba da rana tsaka ya tafi wajen wani boka a duwatsun Roni. Shi ya faɗa mini da bakinsa daga baya. Kogo ne, sai an durƙusa ake shiga. Ciki akwai baƙin tulu da jan ƙyalle a wuyansa, ƙahonin awaki jere a ƙasa, ga ƙarnin tsohon jini. Ko ƙuda ɗaya babu.

"Malam mai kundi," in ji bokan, bai ko ɗago kai ba. "Arzikin gaggawa kake so."

"Na gaji da ƙirga wa wasu."

Bokan ya karɓi kwalbar tawadarsa, ya yanka baƙin zakara, ya tsiyaye jinin a ciki, ya kifa ta a bakin tulun har sau uku.

"Duk mai ran da ka soke da wannan, majalisa ba za ta tambaya ba. Ka karɓi harajinsa ka sa aljihu."

"Nawa zan biya?"

"Ba na karɓar kuɗi. Mai tulun nan shi ma yana da kundinsa. Rubuta masa mutanen gidanka."

"Ya yi me da su?"

"Kai me kake yi da naka?"

Wana ya ce, "In kawo shanu biyu fa?"

"Jangali daban, haraji daban. Ka rubuta, ko ka kama hanya."

Ya rubuta a wata takarda. Kuma ya rubuta yadda ya saba a ofis: duk mai ci daga tukunyar maigida ɗan gida ne. Lokacin Sama'ilu na hannunsa riƙo, yana makaranta a Kazaure.

Shekarar farko ya kashe mutum ɗari uku a takarda. Majalisa ta ga masu biya sun ragu, kuɗin rijiyoyi bai kai ba, sai ta ƙara wa sauran naira guda-guda. Wani kansila ya ce, "Bana annoba aka yi ba mu ji ba?" Aka yi dariya, aka sa hannu. Da idona na ga wani tsoho a kasuwar Babura ya sayar da akuyarsa tilo don cikon nan. Wana kuwa ya yi gidan kwano, ya sayi Fijo fara.

Kwana bakwai bayan zaman majalisar, 'yarsa Aisa ta faɗi matacciya a bakin rijiya. Ko ciwon kai ba ta yi ba. Shekara ta zagayo, aka sake zama, babban ɗansa Kaumi ya bi ta. Daga nan matarsa Yagana ta fara bin bangon gida da gawayi tana jan layi, tana kiran sunayen mutanen da ba ta taɓa sani ba. Ita ma zama na uku ya tafi da ita.

Ya koma kogon, babu boka. Tulun na nan, takardar na ƙarƙashinsa, da jajayen layuka uku. Ya kawo mini ita. Saura suna biyu: nasa da na Sama'ilu.

"Yaya, me ya kai sunan ɗana nan?"

"Ƙa'ida ce, ƙanena," in ji shi. "Tukunya ɗaya."

Muka sa mata ashana, ta ƙi kamawa.

Masu binciken kuɗin gwamnati suka zo, aka karɓe gida da mota. Ya ƙare a tashar Kazaure ba takalmi, yana tare matafiya yana neman rasit. Bayan zama na huɗu muka binne shi. Ran nan na buɗe akwatin da na ajiye takardar na duba: layi huɗu.

Kafin shekara ta zagayo gwamnati ta soke haraji. Shekara biyar ke nan sunan ƙarshe na zaune babu layi. Na yi sadaka, na sa an yi saukar Alƙur'ani, duk Juma'a ina dubawa.

Yanzu an ce a dawo da haraji, majalisa za ta zauna wata mai kamawa. Jiya Sama'ilu ya ce, "Baba, aikin gwamnati ne fa, ba sata ba."

Ku ji tsoron Allah, masu riƙe da kundi. Kwaɗayi ba mai shi kaɗai yake ci ba, har da wanda ya taɓa sa hannu a akushinsa. Wana ya ci, ya biya, ya tafi. Ni da ban ci ko kwabo ba, ni ke ƙirga kwanaki.