Aljihun Hagu na Rigar Dogo

"Malam, wannan rigar ai ba ta da dauɗa," in ji Gwaggo, ta ɗaga ta sama tana jujjuyawa. "Wankin kake so, ko kallon masu wankin?"

Dogo ya rasa inda zai sa kansa. Mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga ƙofar shagon, amma kalma ɗaya daga bakin Gwaggo ta isa ta mayar da shi ɗan mitsitsi. In'inarsa ta motsa, ya ce wuyan ne... wuyan rigar ne ya yi maiƙo. Gwaggo ta taɓe baki ta cilla wa Auta rigar. Auta ta cafe, ta juya baya don kada a ga dariyar da ke cinta.

Shagon wanki da guga ne, na Gwaggo, ƙanwar mahaifin Auta. Ɗan lungu ne tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti, injin wanki biyu, teburin guga ɗaya, sai kanta da ta raba su da masu kawo kaya. Dokar shagon ɗaya ce, kuma Gwaggo ta maimaita ta har bango ya haddace: ba tufar da za ta taɓa ruwa sai an lalube aljihunta.

Auta ce mai laluben. A aljihun mutane ta san halin da garin yake ciki. Da can takan tsinci canji da alewa da tikitin kallon ƙwallo. Yanzu sai takardar neman aiki da aka ninke har ta gaji, da sanarwar ƙarin haya, da takardar magani da ba a kai ga saya ba.

A aljihun hagu na shuɗiyar rigar Dogo kuwa ta fara tsintar wata irin takarda daban. "Sannu da aiki. Gugarki ta fi ta kowa." Sai lambar waya a ƙasa.

Ta ba shi amsa ta hanyar da ya zo mata. Bayan ta goge rigar ta ninke, ta zura tata takardar a aljihun, ta rubuta masa cewa wayarta tana hannun Baba, mahaifinta, duk wanda ya kira shi zai ɗauka. Baba tsohon direban bas ne, idanunsa sun mutu shekara uku da suka wuce, shi ya sa take bar masa wayar a gida don ya kira shago idan wani abu ya taso. Dogo bai yarda ba, ya kira. Baba ya riƙe shi awa guda cur yana ba shi tarihin titunan garin tun ba su da kwalta. Daga ranar bai sake neman ta ta waya ba.

Haka suka yi shekara. Litinin ya kawo riga, Alhamis ya karɓa. A gaban kantar shagon, gaisuwa ma da ƙyar take fita bakinsa, amma a takarda ba shi da in'ina ko kaɗan. Ya ba ta labarin kamfanin katifa inda yake gyaran injuna, da ɗakin da suke kwana su huɗu, da yadda yake baza rigar a kan kujera don kada karin gugarta ya ɓaci. Tun yana rubuta "Malama" har ya koma "Autata". Ita kuwa tana tara takardun a wani tsohon gwangwanin madara, tana son shi irin son da take jin kunyar faɗa wa kanta.

Sai wata Litinin takardar ta zo gajeriya. Kamfaninsu zai tashi. Haya da kuɗin wuta sun fi ƙarfin masu shi, za su koma wani gari mai nisan yini guda a mota, wanda zai bi ya bi, wanda ba zai bi ba ya nemi wani aikin. A ƙasa ya rubuta: "Za ki iya barin garin nan?"

Kwana biyu tana juya maganar. Yayyenta duk tsadar garin ta kore su, kowa ya kama gabansa da iyalinsa, ita kaɗai ta rage wa Baba. Ita ke riƙe hannunsa a matakalar benen da suke haya, hawa na uku, don can ne mai sauƙin kuɗi. Ta rubuta masa gaskiya: ƙafarta ƙafar Baba, duk inda ba zai je ba, ba za ta je ba.

Ranar Lahadi da ta biyo baya Baba ya zame a wannan matakalar, ya bugu a ƙugu. Kwana biyar Auta tana asibiti a gefen gadonsa. Da ta koma shago ranar Asabar, abin da ta fara dubawa shi ne wurin da ake rataye kayan da aka gama. Babu shuɗiyar riga. Gwaggo ta ce ya kawo Litinin, ya karɓa Alhamis, ta faɗa tana kallon cikin inji.

Litinin ta zo, Dogo bai zo ba. Wata Litinin ɗin ma haka. Daga bakin mai gyaran waya ta ji cewa 'yan kamfanin katifa sun kwashe tun makon jiya, manyan motoci uku.

Ba sallama, ba ko layi ɗaya.

Auta ba ta tambayi kowa dalili ba, don a ganinta ta san shi. Ta ce masa da Baba za ta zo, shi kuma ya auna nauyin mace da makahon uba a wannan zamani, ya ga ba zai iya ba. Ba ta ma iya jin haushinsa yadda ya kamata. Wa zai ga laifinsa, a garin da mai aiki biyu ma yake kwana da tunanin gobe? Lambarsa tana cikin gwangwanin madara, amma ta rantse ba za ta kira mutumin da ya gudu daga mahaifinta ba.

Rantsuwa daban, zuciya daban. Duk Litinin da hantsi, idan inuwa ta tare ƙofar shagon, sai ta ɗago da sauri ta ga wani gajeren mutum da buhun labule. Hannunta ya saba, kowace riga ta ɗauka aljihun hagu take fara taɓawa. Idan ta ji motsin takarda sai ta yi maza ta buɗe, ta ga rasit ɗin kantin magani. Ta yi kewarsa har abinci ya daina yi mata ɗanɗano, ta rame, Baba ma da ba ya gani ya gane a hannunta.

Garin ma kamar yana bin sa a baya. Maƙwabtansu na hawa na biyu suka tashi. Mai fenti ya rufe. Masu kawo wanki suka koma wankewa a gida, guga kawai suke kawowa, wasu ma riga ɗaya tak ta zuwa neman aiki.

Wata huɗu ana haka, ran nan wani ya kawo shuɗiyar riga irin ta Dogo sak. Auta ta ɗora mata dutsen guga, ta tsaya tana kallon aljihun, ba ta farga ba sai da ƙauri ya cika shagon. Tun da ta fara aiki ba ta taɓa ƙona kayan mutane ba. Ta runtse ido tana jiran faɗan Gwaggo.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta zare wayar dutsen daga bango, ta ja kujera ta zauna kamar wadda aka sauke wa kaya a ka.

"Auta, zauna. Akwai abin da na ɓoye miki."

Ta ce ranar Litinin ɗin da suke asibiti, kwana biyu babu wuta, kaya sun taru har kan kantar shagon. Da wutar ta zo sai ta rikice, ta kwashi komai ta danna a inji kafin a sake ɗaukewa. Rigar Dogo tana ciki. Da ta buɗe injin, ta tarar da farin ɓurɓushin takarda ya manne a baƙaƙen wandunan mutane, yini guda ta yi da buroshi tana kankarewa.

"Ni da na shekara ashirin ina yi wa mutane wa'azin aljihu," in ji ta. "Kunya ce ta hana ni faɗa. Na yi ta ce wa kaina rasit ne. Amma takardar da yawa, 'yar nan, ta kai shafi biyu. Kuma da ya karɓi rigar, a nan gabana ya sa hannu a aljihun, ya daɗe a tsaye, sannan ya ce na gode ya fita."

"Gwaggo... kin san muna rubutu?"

"Tun takarda ta biyu. Wa yake kawo riga mai tsabta wanki shekara guda?"

Auta ba ta san lokacin da ta fita daga shagon ba. Ya rubuta! Duk hanyar gida abin da take maimaitawa ke nan, har ta haye matakala uku-uku.

Baba yana zaune bakin taga da wayar a cinyarsa. Ta durƙusa ta zayyana masa komai tana kuka, abin da ba ta taɓa yi ba, don ba maganar da 'ya ke yi da uba ba ce. Ya saurara har ta gama. Sannan ya lalubo kanta ya dafa.

"Ashe mu biyu ne masu laifi, ni da Gwaggonki, uwata," ya ce. "Yaron nan duk Asabar da rana sai ya kira ni. Ya tambayi ƙuguna, ya tambayi ko an gyara ƙarfen matakala. Ya roƙe ni kada in gaya miki, wai kada ya dame ki. Ni kuma na ji daɗin roƙon, na riƙe bakina. Tsoro nake ji ya ɗauke ki in rasa mai riƙe hannuna."

"Haba Baba, ina za ni in bar ka?"

"Na sani. Shi ya sa abin yake ci na. Ina jin ki kina juya abinci a kwano ba kya ci." Ya miƙa mata wayar. "Ungo. Fitar da ni baranda in sha iska, kunnena ba ya jin nesa."

Ƙarya ce, Baba yana jin faɗuwar allura daga hawa na ɗaya. Ta fitar da shi duk da haka.

Bugu biyu aka ɗauka, ƙarar injuna tana tashi a bayansa. Ya fara gaishe da Baba cikin ladabi.

"Ni ce," ta ce. "Me ka rubuta?"

Ta ɗago wayar daga kunne ta duba ko kiran ya yanke.

"Ba... ba ki karanta ba?"

"Ina asibiti. Inji ya cinye ta."

Ta ji ya ja wani dogon numfashi. Da ƙyar, kalma na tuntuɓe da kalma, ya gaya mata layin ƙarshe na takardar. Ya rubuta cewa idan ba za ta iya ba, kada ta wahalar da kanta da bayani, ta maido masa da aljihun babu komai, zai gane, kuma ba zai sake damunta ba.

Auta ta toshe bakinta da mayafi. Wata huɗu kowannensu yana zaune da amsar da ɗayan bai bayar ba. Ta tambaye shi sauran shafi biyun fa. Ya ce wannan ba ta waya ba ce.

Ranar Litinin da hantsi inuwa ta tare ƙofar shagon, mai inuwar kuma ya sunkuya kafin ya shigo. Ya rame shi ma. Ya ajiye shuɗiyar rigar a kan kantar shagon. Auta ta zura hannu a aljihun hagu, ta lalube har ƙasa. Babu komai.

"Na... na daina ba ruwa amanata," ya ce. "Yau da baki zan faɗa, ko zan kai la'asar."

Bai kai la'asar ba, amma ya daɗe, kuma ba wanda ya taya shi ƙarasa kalma. Ya ce tun kafin ya rubuta waccan takardar ya je ya kama ɗaki biyu a can, a ƙasa, babu matakala ko ɗaya. Ɗaya nasu, ɗaya na Baba, kusa da banɗaki. Ya ɗaura igiya daga ƙofar ɗakin har gindin bishiyar tsakar gida, yadda Baba zai bi ta da hannu ya fita shan iska ba sai ya jira kowa ba. Abokan aikinsa sun yi ta yi masa tsiya ya saki ɗakin tunda ba kowa a ciki, ya kasa. Duk safiya yana share shi.

"Autata... za ki zo? Ke da Baba?"

Ta duba teburi ta ga biro da takarda a inda suka saba zama. Ta ture su gefe.

"Za mu zo," ta ce, hawaye na sauka a kan rigar.

Gwaggo ta fyace hanci da gefen zaninta, ta ce su dai sun gama da ita, yanzu sai ta nemi wata mai laluben aljihu a garin da kowa ke guduwa. Ta jawo rigar ta ɗaga ta sama, ta duba wuyan da ya yi baƙi ƙirin.

"Yau kam ta yi dauɗa," ta ce.

Ta sa hannu a aljihun ta lalube sau biyu, sannan ta jefa ta a ruwa.