Aljanar Gidan Tsakiya

Alhaji Inuwa Mai Atamfa bai taɓa faɗuwa a ciniki ba. Wannan magana ba ta buƙatar shaida, domin shi da kansa yake faɗarta kullum bayan la'asar, kuma tun da ya baro Kano ya zauna a Maiduguri ba a samu wanda ya musa masa ba.

Yau ma ya faɗe ta a tsakar gidansa na Bolori, 'yarsa Rumaisa'u na durƙushe gabansa, hawaye sun jiƙa mata hijabi.

"Ni da ban faɗi a kan atamfa ba, a kan 'yata zan fara? In ɗauke ki in ba dillalin shanu?"

"Abba, Abdulhafiz ya yi karatu..."

"Shanun ma sun yi?"

"Abba, don Allah..."

"Ina zai ajiye ki? A gidan ubansa na bayan Kasuwar Shanu, ki kwana da kukan maruƙa ki tashi da ƙuda? 'Yata ba ta shiga haya, ba ta shiga garke. Ranar da ya mallaki gida nasa na kansa a cikin gari, ya turo magabatansa. Ga uwarki nan, ta ji!"

Umma ta ji, ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Alhaji ya san abin da yake yi. Dukiyar Bashuwe irin Abdulhafiz a kan ƙafa huɗu take tafiya, kuma bai taɓa ganin wanda ya yarda ya mayar da ita bango ba.

Wanda Alhaji yake so ta aura shi ne Walid, mai farar mota da turare mai sa atishawa. Walid ne ya kai shi unguwar Fezzan ya nuna masa wani tsohon layin gidaje tun na zamanin Turawa, a jere, bangon wannan shi ne bangon wancan. Alhaji ya sayi na tsakiya a arha, ya damƙa wa Walid aikin gyara. Aka yaye tsohon rufi aka sa sabon kwano, aka shimfiɗa tayil, aka yi silin fari tas, aka bar tsohuwar ƙofar katako mai ƙusoshin ƙarfe don ta nuna asali. Sannan aka kafa allo a ƙofa: GIDAN ALFARMA NA SAYARWA, ISKA KAMAR A BAKIN TEKU.

Daga Maiduguri sai ƙasar ta ƙare kafin a ga teku, amma babu wanda ya taɓa zuwa ya gwada iskar, don haka maganar ta zauna.

Sai dai gidan ya ƙi sayuwa. Duk mai saye da ya shiga, yana cikin yaba tayil sai ƙamshi ya sauko masa. Turaren wuta irin na ɗakin amarya, a gidan da babu ko tabarma. Sai Walid ya rage murya ya ce shi dai bai ce komai ba, amma mutanen unguwa suna cewa wata amarya ta rasu a nan. Wani Alhaji daga Wulari ya fita da takalmi ɗaya, bai aiko a kai masa ɗayan ba.

"Hafiz, Abba ya daina cin abinci," in ji Rumaisa'u a waya. "Walid ya ce zai taimaka ya karɓi gidan a rabin kuɗi. Wai don ni. Wai shi ba ya tsoron aljanu."

"To kin samu jarumi, habibti."

"Wasa ma kake yi?"

"In ban yi wasa ba kuka zan yi, kuma ina tsakiyar kasuwa." Tana jin shanu a bayansa. "Ruma... na yi wa Baba maganar sayar da rabona na garke. Ya ce wane mahaukaci ne zai ba da abin da ke haihuwa ya karɓi abin da ke tsagewa."

"Kai me ka ce?"

"Na ce ni ne mahaukacin. Amma gidan aljanu? Ummina ba za ta taka shi ba, balle ta kai amarya."

Rumaisa'u ta kashe wayar. Tsoron aljanu take ji kamar kowa. Amma ta auna aljana da Walid, ta ga da aljana za ta fi iya zama.

Washegari ta ɗauki makullin gidan daga aljihun babbar rigar Abba. Umma ta gan ta, ta juya tana gyara labule da ba abin da ya same shi.

Ta shiga gidan da bisimilla. Falo, shiru. Ɗakin farko, warin fenti. Tana shiga ɗakin ƙurya ƙamshin ya rufe ta.

Innalillahi!

Ta jingina da bango, ta karanta duk abin da ta haddace, har da addu'ar shiga kasuwa. Sandal. Kajiji. Farce. Sai kuma wani abu a ƙarƙashinsu, mai ɗaci. Ta buɗe ido ta ƙara shaƙa.

Ƙauri ne. Sukari ya kama tukunya.

Ta yarda aljana tana iya yin turare. Amma aljanar da sukari ke ƙone mata? Kafin ta gama tunani sai tari ya sauko daga silin, tari na tsohuwa, sannan murya tana zagin garwashi da Larabcin Shuwa.

Rumaisa'u ta fita ta buga ƙofar maƙwabta.

Tsohuwar da ta buɗe 'yar ƙarama ce, lafaya ta kusa haɗiye ta, hannayenta baƙi ƙirin da hayaƙi. Sunanta Hajja Kaltumi, mai haɗa wa amare turare. Tsakar gidanta cike da kasko da kwalabe.

"Wushe, bitti, sannu 'yata. Yaushe bikin?"

"Babu biki tukuna, Hajja. Ni 'yar mai gidan can ce."

"Ke ce 'yar mai rushe bango!" Hajja ta tafa hannu. "Da can bangonmu har sama ya kai, ya taɓa rufi. Ma'aikatanku suka fasa kansa wai za su ɗora kwano, suka tafi suka bar shi a buɗe. Yanzu in na turara kaya, rabin hayaƙina gidanku yake tafiya. Kyauta!"

"Kin faɗa wa wani?"

"Na faɗa wa yaron nan mai farar mota. Yaron kirki. Ya ce in bar shi haka. Duk ranar da masu saye za su zo sai ya kira ni, in zuba mai yawa, ya biya. Wai gida ya yi ƙamshi a saya da wuri." Ta girgiza kai. "Amma mutanen yanzu ba su san turare ba. Ina jin su suna fita da gudu."

Rumaisa'u ta zauna a kan turmi. Dariya ta zo mata tare da kuka, ta rasa wanda za ta fara.

Da ta gama ba Hajja labarin amaryar da ta rasu, tsohuwar ta ajiye ludayinta a hankali.

"Ni ce matacciyar?"

"Ke ce, Hajja."

"Turarena da ake aikowa daga Abuja a saya, shi ne na korar mutane?" Ta gyara lafaya. "Yaushe zai dawo?"

Ranar Asabar ya dawo, shi da Alhaji da shaidu biyu, don a gama magana. Rumaisa'u ta biyo su da kular shayi, ta ce Umma ce ta aiko ta. Suna tsaye a ɗakin ƙurya ƙamshin ya sauko, wannan karon har da hayaƙi yana zirarowa ta gefen fitila.

Shaidun suka matsa kusa da ƙofa.

"Ka gani ko, Abba?" in ji Walid, ya dafe ƙirji. "Wallahi ba don Rumaisa'u ba, ko kyauta..."

"Walid!"

Daga sama muryar ta fito. Shaida ɗaya ya tsuguna ba tare da ya yi niyya ba.

"Walid, ɗana! Ya isa, ko in ƙara? Kuɗin wancan makon ma ba ka kawo ba!"

"A'uzu billahi! Ta san sunana!"

"Ta san lambar wayarka ma," in ji Rumaisa'u, tana zuba shayi a kofi. "Kai ka kira ta da safe. Abba, ga shayi."

Hajja Kaltumi ta shigo da kaskonta a hannu, da ranta da lafiyarta, ta yi bayani daga farko har ƙarshe, ta haɗa da ra'ayinta a kan tarbiyyar Walid da turaren da yake fesawa. Walid ya ce bari ya ɗauko wata takarda a mota. Har yau yana ɗaukowa.

Alhaji ya ɗaga kai. Yana kallon silin ɗin da ya biya kuɗinsa.

Sai aka yi sallama a ƙofa.

Abdulhafiz ne, wanda Rumaisa'u ta riga ta ba labarin komai a waya, cikin farar shadda, ƙurar kasuwa har yanzu a takalminsa. Ya durƙusa ya gaida Alhaji. Bai kalli Rumaisa'u ba, ita ma ba ta kalle shi ba, abin da ya sa kowa a ɗakin ya gane.

"Alhaji, na zo sayen gida."

"Yanzu da aljana ta tashi, kuɗinsa na farko ya dawo," in ji Alhaji da sauri. "Ba ragi."

"Na saya."

"Ban ce... ba za ka taya ba?"

"A'a."

Shaidun suka kalli juna. Dillalin shanu da zai yini yana jayayya a kan ɗan maraƙi, ya saya bai taya ba! Rumaisa'u ta ji zuciyarta ta yi wani irin tsalle. An sha gaya mata ana sonta, amma ba a taɓa faɗa da ƙarfi haka ba.

"Shanun fa?" in ji Alhaji.

"Suna hanyar Legas, Alhaji. Jiya na loda su."

Muryarsa ta ɗan karye a kan kalmar ƙarshe. A cikinsu akwai Jar Goshi, wadda ya yi rainonta tun tana shan nono.

Alhaji ya duba hagu, ya duba dama. In ya ƙi, gidan ya zauna a wuyansa. In ya yarda, ya san abin da ke biye. Amma riba ce a gabansa, cikakkiya, a gaban shaidu, kuma bakinsa ya riga shi.

"Na sallama."

"Alhamdu lillahi. Alhaji, yanzu ina da gida nawa na kaina a cikin gari. Yaushe magabatana za su zo?"

Hajja Kaltumi ta rangaɗa guɗa da ta girgiza sabon silin.

A ƙofa, lokacin da manya ke musabaha, Abdulhafiz ya rage tafiya har Rumaisa'u ta iso kusa da shi.

"Ruma, ke kaɗai kika shiga gidan aljanu saboda ni?"

"Kai ka sayar da Jar Goshi saboda ni?"

"Kada ki ambace ta, habibti, zan yi kuka a gaban surukina."

"Yi abinka, rabin raina. Za a ce hayaƙi ne."

An ɗaura aure bayan Sallah. Mahaifiyar ango da kanta ta zo ta duba gidan, ta shaƙa sau ɗaya ta ce wannan unguwar mutanen kirki ce. Amarya ta hana a toshe kan bangon. Duk layin babu ɗakin da ya kai nata ƙamshi, kuma ko tsinken sandal ba ta taɓa saya ba.

Alhaji ya ba da labarin cinikin a majalisa, ya ce ko aljanu sun gwada shi sun bari. Aka jinjina masa.

Da ya koma gida ya tarar da Umma da ƙannensa mata sun dawo daga awon ɗakuna, domin kayan ɗakin amarya a kan uba suke. Falon, suka ce, kujeru saiti ɗaya ɓacewa za su yi a cikinsa. Tagogin dogaye ne, labulen kasuwa ba ya kai musu. Tayil irin wannan kuma ba a ɗora masa gadon da bai kai shi ba, kada dangin ango su raina mu.

"Wa ya ce a yi falo haka kamar filin Idi?" in ji Alhaji.



Ya shiga ɗaki ya jawo jakar kuɗin gidan da Abdulhafiz ya kawo, wadda ko zarenta bai kwance ba. Ya fito ya ajiye ta a gaban Umma, ya sa takalminsa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.