Wutar Jego Bayan Arba'in

Rana tsaka aka kira Sufeto Sama'ila zuwa wani gida a bakin garin Mayahi. Rabo manomi na kwance bayan rumbu, an raba masa kai da gatari, ƙudaje sun riga kowa zuwa. A ɗaki kuma an fito da matarsa Nasiba a sume, ga kasko cike da gawayi yana ci.

Sai bayan kwana uku ta farfaɗo. Likita ya nuna wa Sufeto hoton kanta.

"Iskar gawayi ba ta da wari, amma ta cinye inda ƙwaƙwalwa ke ajiya. Ranar ta goge ƙaf. Abin da ka faɗa mata yanzu ma, kafin ka kai ƙofa ya zube."

Mutari, wan mamacin, ya zo komisariya, ofishin 'yan sanda, da hawayensa a shirye.

"Ita ta sare shi, ranka shi daɗe. Ta ruga ɗaki ta rufe, wutar jegonta ta kama ta."

An ɗora wa mace kisa, ita kuwa ba ta da abin tunawa balle ta kare kanta. Abin ya tsaya wa Sufeto a rai, ya koma gidan. Tagar ɗakin toshe take da tsumma, daga waje.

Hawwa ungozoma na goye da jinjirin Nasiba. Da ta ji zancen sai ta tafa hannu.

"Wace wutar jego, ɗan nan? Ni na kashe ta ran Laraba, da ta yi arba'in. Kuma wa ke gasa mai jego da kasko? Ƙarƙashin gado ake zuba garwashi."

Namiji dai ya ci naman suna ya goge baki, ƙidayar kwanakin jego ba tasa ba ce.

"Kwana nawa da haihuwarta?" Sufeto ya tambayi Mutari da ya koma komisariya.

"Ta... talatin?"

Sufeto ya daki tebur. "Arba'in da shida! Wa ya hura gawayin?"

Gumi ya karyo wa Mutari.

"Kan gonar gado muka yi rigima da Rabo. Ta gan ni da gatarin. Na shaƙe ta har ta faɗi, na hura, na toshe."

Aka buga masa ankwa. A baranda suka tarar da Nasiba, an kawo ta daga asibiti. Ta durƙusa da murmushi.

"Yaya, ina wuni? In ka ga ƙanenka, ka ce mishi na dama hurarshi, tana jira."

Mutari ya zube ƙasa. Jan sa aka yi har mota.