Ranar Da Zalia Ta Wanke Gidan Kifi

A bakin rijiya Zalia ta fara ganinsa, a Salaga, shekarar 1987, lokacin ta zo zama wurin Goggo Memuna. Namiji ɗaya tal cikin layin mata, riƙe da bokiti biyu. Ta tambaye shi ko matarsa ce ba lafiya. Ya ce ba shi da mata, kifi gare shi, kuma maganin da ke cikin ruwan famfo kashe su yake.

Ta yi dariya har guga ya kusa suɓuce mata. Sunansa Zibrim, malamin firamare, amma daga ranar ya koma Ticha Kifi a bakinta, shi kuma yana ce mata Zalina.

Akwatin gilashi ne a ɗakinsa, da tsakuwa a ƙasa da jajayen kifaye bakwai. Na yayansa Yussif ne da ya rasu, kuma shi ke nan abin da ya bari. Duk Asabar Zibrim kan zuƙe kashi ɗaya cikin uku na ruwan da tiyo, ya kankare gilashin da reza, ya cika da ruwan rijiya da ya kwana. Ya sha yi mata bayani tana tsaye bakin ƙofa, sai dai baiwar Allah bakinsa take kallo, ba ta jin abin da ke fita daga ciki.

Da maganar aure ta isa Yendi, mahaifinta Malam Osman ya ce a'a. Mutumin da ke ciyar da kifin da ba zai ci ba, a ganinsa, da sauran hankali bai zo masa ba. Ga kuma Mahama, mai sayar da hatsi a Bawku, ya riga ya nuna yana so. Da ƙyar Goggo ta shawo kansa ya yarda Zibrim ya zo gaisuwa.

Zibrim ya tafi Yendi kwana uku, ya bar wa Zalia mabuɗi don ta ba kifaye abinci. Zalia ta shiga ta ga gansakuka a jikin gilashin, ranta ya sosu. Ita da aka raina da wanke randa har ta yi ƙyalli, ta bar wannan ƙazanta a ɗakin mijin da za ta aura? Ta kwashe kifayen a kwano, ta zubar da ruwan kakaf, ta sa soso da garin sabulu ta dirje gilashi da tsakuwa, ta cika da sabon ruwa. Kafin la'asar duk bakwai sun juya ciki sama.

Ya dawo da fara'a, don Malam Osman ya ce zai duba maganar. Ya tsaya gaban akwatin, ya ga ba kifi ko ɗaya mai rai.

"Gyara na so in yi maka, Ticha."

"Kin gyara," ya ce. "Yau Yussif ya gama mutuwa."

Maganar ta ƙona ta fiye da mari. Washegari ta hau mota zuwa Bawku gidan yayarta Safura. Wata biyu ba saƙo, ga Mahama kullum da yamma yana sallama da tsarabarsa, har aka fara maganar kawo goro. Sai ga wasiƙa.

"Zalina, na faɗi abin da bai kamata ba. Akwatin na nan a bushe, ko kallonsa ba na iyawa. In kin zaɓi Mahama ba zan ga laifinki ba, amma ki sani ba na cin abinci. Naki, Zibrim."

Ta yi kuka, ta kuma ji haushi, don ko nan bai iya cewa ta dawo ba. Ta sallami Mahama da bakinta. Ta roƙi wata 'yar kasuwa mai zuwa Lome ta samo mata irin kifin, ta zuba guda huɗu a kwalba, ta rungume ta a bayan babbar mota tun daga Bawku har Salaga. Zafi da gargada suka kashe uku a hanya.

Ta miƙa masa kwalbar a ƙofar makaranta.

"Ɗaya ya rage. Ba na Yussif ba ne, na sani."

"Naki ne," ya ce, idonsa ya kawo ruwa. "Ki yafe mini, Zalina."

Malam Osman bai so ba, amma bai taɓa yi wa 'ya dole ba. Bayan Sallah aka ɗaura aure a Yendi, mata suka yi guɗa, Goggo ta yi ta addu'ar zuri'a ɗayyiba. Da Zalia ta durƙusa sallama, uban bai ɗago daga littafinsa ba.

"Ke kika zaɓa. Allah Ya ba ku zaman lafiya."

Ta ce amin, ta tashi, Zibrim na jiranta a bakin mota.