Allon Bakin Tafki

Da daddare Merrin ta zo kafa allon hana wanka, don gobe yaran sansanin hutun Disamba za su iso. Tafkin da ta koyi iyo a ciki ya koma kore, yana wari.

"Cire allon nan, matsoraciya!" in ji wata yarinya daga cikin ruwa. Inda take tsaye ruwan garau yake, tocila na nuna tsakuwa.

"Ki mutu da haushi. Ba yaron da zai shiga," in ji Merrin.

Ta ƙara buga ƙusa. Sai aka busa usur irin na dā, wanda in aka ji shi kowa ke kama hannun abokin iyonsa. Jiƙaƙƙen hannu ya damƙe nata, ɗaure da zaren da ta saƙa wa abokiyar iyonta Tahlia, shekarar da Tahlia ta nutse.

Merrin ba ta saki guduma ba.